Salaga zuwa Bawku a ƙafa: Wa zai iya kafa tarihin sauri a tsohuwar hanyar Gwanja?

A watan Satumbar 2024 wata Ba'amurkiya mai suna Tara Dower ta kammala tattaki a kan Appalachian, hanyar ƙafa mai tsawon kilomita kusan 3,500 da ta ratsa duwatsun gabashin Amurka, cikin kwana 40 da awa 18 da 'yan mintoci. Kafin ita ba wanda ya taɓa yin wannan saurin, mace ko namiji. In aka raba, kullum tana cin kilomita 87 ke nan, hawa da gangara.

Mu ma nan ba baƙin irin wannan zafin nama ba ne. Ba a manta da Suleiman Hashimu ba, wanda ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015 don murnar nasarar Buhari. A Ghana kuwa zazzaɓin shiga kundin Guinness ya kai har Tamale, inda Failatu Abdul-Razak ta shafe sama da awa 200 tana girki a Janairun 2024, ko da yake daga baya kundin bai amince ba.

To amma ga hanya nan kwance a arewacin Ghana wadda ƙafar Bahaushe ta taka shekara da shekaru: daga Salaga, a bi ta Bimbila zuwa Yendi, a wuce Gushegu, a hau dutsen Nakpanduri, a gangara Garu, a shiga Bawku. Ta haura kilomita 300, kuma ta ratsa yankuna huɗu na ƙasar. Da saurin Tara, kwana huɗu sun isa. A takarda ke nan.

Wace hanyar ma tukuna?

Matsalar farko da mai neman kafa tarihi zai ci karo da ita ba gajiya ba ce. A Appalachian an shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu tun daga farko har ƙarshe, kowa sawu ɗaya yake bi, shi ya sa ake iya gwada lokacin wannan da na wancan. Hanyar Gwanja ba haka take ba, ba ta ma taɓa zama guda ɗaya ba.

Ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu ko ta Gurma, ya faɗo Sansanin Mango a Togo ta yau, sannan Yendi, sannan Salaga. Wasu kan biyo ta arewa, ta ƙasar Mosi, su shigo ta wajen Bawku da Gambaga. Madugu ne ke zaɓa, kuma ba gajartar hanya yake dubawa ba. Ina ake yaƙi bana? Wane sarki ne ya tsawwala garama? Wace rijiya ce ba ta ƙafe ba?

Saboda haka duk wanda ya fara, shi zai shata layin da na baya za su bi. Sai ya bayyana tun kafin ya tashi: daga ina, zuwa ina, ta waɗanne garuruwa. Ya faɗi ko mota na biye da shi da ruwa da abinci, ko kuwa kayansa na bayansa, don masu wannan harka ba sa haɗa biyun a ma'auni ɗaya. Ya kuma ɗauki na'urar GPS da za ta riƙa nuna inda yake. In babu wannan, ko ya yi kwana uku, labari ne kawai na bakin shayi.

Fatake ba su san tsere ba, amma sun san lokaci

Ana cewa tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma fatake ne suka fi kowa riƙe wannan. Ayari na iya kai mutum dubu, ga jakuna, ga alfadarai, ga takarkarai ɗauke da kanwa da tufafin Kano da jan fata. Jagaba na gaba, madugu na lura da baya, malamin ayari na duba ranar tashi. A yi sammako, kafin rana ta take an sauka zango. Daga Kano zuwa Salaga akan ci wata biyu zuwa uku, zuwa da dawowa kuwa wani lokaci sai a shekara. Daga wannan sauka ne unguwannin baƙi a Ghana suka samo sunan Zongo da ake kiran su har gobe.

Kada dai a ɗauka ba ruwansu da agogo. Goro ba ya jira. A hanyar dawowa sai an riƙa kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Kowane kwana da aka ƙara a hanya, riba ce ke raguwa. Ga damina tafe, koguna za su cika. Gwanin madugu shi ne wanda ya iso kasuwar Kurmi da wuri, goronsa da ɗanyensa, mutanensa kuma cif.

A ganina wanda ya karya tarihin wannan hanya na gaske bai ma bi ta ba. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, yana cikin na farko-farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta makonni, jaki ya sha kaye. Dama Salaga ta riga ta raunana: Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 goron Asante ya yanke, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin, 'yan kasuwa da malamai suka koma Kete-Krachi, ciki har da Alhaji Umaru, malamin nan ɗan Kano.

Akwai kuma abin da bai kamata mai gudu ya tsallake ba. Ba goro kaɗai aka yi ciniki a Salaga ba, kasuwar bayi ce babba. Rijiyoyin da ake nuna wa baƙi a yau, har da waɗanda ake wa bayi wanka kafin a kai su kasuwa. A Yendi kabarin Babatu yake, Bazabarmen da ya addabi ƙasar Gurunsi da hare-haren kamun mutane. Mutane da yawa sun taka wannan hanya ba da son ransu ba. Duk wanda zai ɗaga tuta a bakin waɗannan rijiyoyi, ya san inda yake tsaye.

Rana a gaba, dokar hana fita a gaba

A Maris da Afrilu zafi a wannan yanki na kai digiri 40. Mai hankali Disamba ko Janairu zai zaɓa, lokacin hunturu, ya haƙura da ƙura da tsagewar leɓe. Ko a hakan, yawancin tafiyar da asuba da dare za a yi ta. Kuma ba jeji ne mai shiru ba: daga Bimbila zuwa Bawku babban titin gabashin Ghana ne, manyan motoci na tashin ƙura a inda kwalta ta mutu. Tsakanin Gushegu da Nakpanduri garuruwa na da tazara, ruwan leda ba ko'ina ake samu ba. Hawan dutsen Nakpanduri kuma yana zuwa ne bayan ƙafa ta riga ta yi kanta.

Sai batun gaisuwa. Yendi fadar Ya-Na ce, sarkin Dagomba. Baƙo bai ratsa irin wannan gari da 'yan rakiya da kyamara ba tare da an sanar da fada ba. Awa biyu za ta iya tafiya a zaure, agogon kuma bai tsayawa. Fatake sun biya nasu da turmin zane da kanwa.

Babban ƙalubalen yana ƙarshe. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa Bawku ta sha zama ƙarƙashin dokar hana fita, musamman daga ƙarshen 2021, an kuma sha tare motoci a hanyoyin shiga garin ana kashe matafiya. Sai da ta kai Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya shiga tsakani. Wato daidai inda mai tsere zai so ya raba dare yana gudu don ya rage awoyi, nan ne doka za ta iya cewa ya shiga ɗaki. In magariba ta same shi a Garu, abin da madugu zai yi shi ma zai yi: ya sauka, ya nemi mai masauki, ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, in sun ce da sauƙi ya tashi bayan sallar asuba.