Oloibiri, Ƙauyen Bakin Ruwa a Ƙasar Kurmi

Ya 'yan'uwa masu karatu na ƙasar Gwarzo da Kabo, sanin kowa ne ruwan da ya sauka a gonakinmu Kogin Calawa yake gangarawa, ya bi ta Wudil da Haɗeja, ya nufi Tafkin Cadi. Amma in mutum ya shiga ƙasar Katsina, ya yi arewa maso yamma kaɗan, sai ya tarar ruwa ya ba gabas baya. Karaduwa ce ke kwashe shi zuwa Rima, Rima ta kai shi Kwara, ita kuwa Kwara ta yi ta tafiya da shi, ta wuce Lakwaja da Anaca, sa'an nan ta rarrabu rassa-rassa cikin kurmi kafin ta faɗa teku. A tsakanin waɗannan rassa akwai bayin Allah zaune. Labarin wani ƙauyensu muke so mu ba ku, domin akwai hakkinsa a wuyanmu, ko da yake da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba.

Sunan ƙauyen Oloibiri. Yana ƙasar Ogbia, cikin Jihar Bayelsa, wadda aka yanka daga Jihar Ribas a shekarar 1996. A Kano ruwan shekara yakan kai misalin inci 33, cikin wata huɗu ko biyar. A can yakan haura inci 100, rani kuwa ɗan leƙowa yake yi ya koma. Itatuwa sun haɗa kai sama har rana ba ta samun ƙasa sosai, ƙarƙashinsu kuma fadama ce da taɓo. Sai an nemi ɗan tudu a gaɓar rafi kana a kafa gida.

Manominmu in ya ji haka sai ya ce waɗannan sun huta, ba su san roƙon ruwa ba. To, a saurara. Gero da dawa ba sa yi a can. Hatsi in an ajiye shi, danshi ya sa ya yi fumfuna, saboda haka ba su da rumbu irin namu. Rumbunsu shi ne rogon da suka bari cikin ƙasa, a tono gwargwadon bukata. Da shi, da agada, da gwaza, da manja, da kifin banda ake rayuwa. Shanunmu da jakuna ba sa daɗewa, don ƙudan tsando yana sa musu sammore. Naman shanun da ake yankawa a Yenagoa, hedkwatar jihar, da albasa da tumatir da wake, galibi daga Arewa ake kai su cikin manyan motoci, 'yan ci-raninmu ne ke kasa su a kasuwa. Kwalekwale shi ne jakin mutumin ƙauye, shi ne dokinsa. Da shi ake zuwa gona, da kasuwa, da makaranta, da jana'iza. Yaro kan iya tuƙi tun bai kai shiga makarantar allo ba in a nan ne.

Abin da ya fi ba da mamaki, watau ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Mu da muke haƙa rijiya gaba goma ko fiye kafin mu ga danshi, muka kuma dogara ga madatsu irin na Pada da Guzuguzu, da wuya mu gaskata wannan. A can da an yi ɗan haƙa ruwa ya ɓullo, sai dai ja ne, mai tsatsa, yana ɓata tufa da ƙwarya. Rafin da ke bakin ƙofa a cikinsa ake wanka da wanki, a kansa ake kafa makewayi bisa turaku, daga cikinsa kuma talaka yake ɗiban na sha. Shi ya sa amai da gudawa ke yawan yi musu ɓarna, ga zazzaɓin cizon sauro ba dare ba rana. In aka matsa kusa da teku, wajen Akassa da Brass, ruwan rafi da na teku sun gauraya, gishiri ya hana sha ɗungum, sai a tari na sama a randa. Ƙauyuka da yawa a wannan yanki har yau mota ba ta zuwa. Mace in naƙuda ta yi mata tsanani da dare, a kwalekwale za a shimfiɗa ta a nemi asibiti, ko a kai ko kada a kai.

Haka Oloibiri take, ba hanya sai ta ruwa, har shekarar 1956. A cikin wannan shekara Turawan kamfanin Shell, bayan sun daɗe suna nema, suka haƙa rijiya mai zurfin ƙafa 12,000 da 'yan kai, suka sami man fetur mai yawan da za a sayar, karo na farko a Nijeriya. Ita rijiyar a ƙasar Otuabagi take, maƙwabtan Oloibiri, amma sunan babban gari aka ba ta. A 1958 aka fara fitar da man zuwa ƙasashen waje, ganga wajen 5,000 kowace rana. Lokacin nan dalar gyada tana tsaye a Kano, gyadar Gwarzo da Ƙaraye tana cikin abin da ke riƙe da baitulmali. Ba a yi shekara ashirin ba mai ya rinjayi gyada da auduga da koko gaba ɗaya. Yau kason da ake rabawa daga Abuja zuwa ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, wani rabo mai kauri daga cikinsa kuɗin mai ne. Albashin malamin makaranta a Getso, da famfon da aka gina a Garo, duk akwai gumin wannan kurmi a cikinsu.

Su kuwa me suka samu? Tun a 1958 hukumar bincike ta Willink, wadda Gwamnatin Ingila ta naɗa don jin koken ƙananan ƙabilu, ta rubuta cewa mutanen wannan yanki matalauta ne, an bar su baya, an yi sakaci da su. Aka yi ta kafa hukumomin raya ƙasa, wata bayan wata. Man Oloibiri ya ja baya, a 1978 aka daina ɗiba, ma'aikata suka naɗe kayansu suka tafi. A sauran wurare da ake ci gaba da haƙa, bututu kan fashe, mai ya malala cikin rafi, kifi ya mutu, koma ta lalace, gonar rogo ta ƙone. A ƙarshen 2021 wata rijiya a ƙasar Nembe ta yi fiye da wata guda tana feshi kafin a toshe ta. Gaskiya ne akwai 'yan ƙasa da ke fasa bututu don sata, laifinsu kuwa ba ƙarami ba ne. Amma mai tsaron dukiya shi ya kamata a fara tambaya, ba masuncin da ya tashi ya ga ruwansa ya yi baƙi ba. Hukumar da Bishop John Sentamu ya shugabanta ta ba da rahoto a 2023, ta ce gyaran ɓarnar da aka yi wa Bayelsa zai ci dala biliyan 12.

Ga kuma ambaliya. A 2012 da 2022 Kwara da Binuwai suka cika suka batse. A ta biyun ruwa ya yanke babbar hanyar da ke shiga Bayelsa ta gabas da ta yamma, jihar ta zama kamar tsibiri. Motocin kayan gwari daga Arewa suka yi kwanaki a tsaye wajen Koton Karfe da Lakwaja, kaya yana ruɓewa, can kuma abinci ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Rogon da ke ƙasa, wanda muka ce shi ne rumbunsu, ya ruɓe a inda yake.

A 2001 Shugaba Obasanjo ya aza harsashin gidan tarihin man fetur a Oloibiri. Shekara ashirin ta wuce ba a ga gini ba, sai a 2023 aka sake taruwa aka yi bikin soma aikin.