Sabon Zama a Birtaniya, Ziyara a Turai: Abin da Jami'in Biza Yake Nema

Daga tashar St Pancras da ke Landan, jirgin ƙasa na Eurostar kan kai mutum birnin Faris cikin awa biyu da 'yan mintoci. Amma tun a Landan ɗin, kafin fasinja ya taka jirgi, 'yan sandan kan iyakar Faransa suna zaune a rumfarsu suna duba fasfo. A nan ne ɗan Najeriyar da bai daɗe da zuwa ba, karatu ya kawo shi ko aikin jinya, yake gane cewa izinin zamansa na Birtaniya ba ya tsallaka teku da shi.

Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato ƙasashe 29 da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, irin su Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizar ziyara daban, wadda ke ba shi kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ita ma Ayalan tata bizar daban ce, ko da kuwa mota ce za ta kai mutum Dublin daga Belfast.

Sauƙin da ke ciki shi ne ba sai an koma Abuja ko Legas ba. Dokar biza ta Tarayyar Turai ta ce mutum ya nema a ƙasar da yake zaune bisa ƙa'ida. Ɗalibi ko ma'aikaci mai izinin zama ya cika wannan sharaɗi, amma wanda ya shigo da bizar ziyara ba mazauni ba ne, gida zai koma ya nema. Ana kai takardu ga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Faransa ta ɗora aikin karɓar takardu a kan kamfanin TLScontact, wasu ƙasashen kuma VFS Global. Kuɗin biza yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin, kuma ba a mayar da shi in an hana.

To, me ya sa sabon zuwa ya fi shan wahala?

Jami'in biza tambaya ɗaya ce a ransa: idan wannan mutumin ya gama ziyara, me zai ja shi ya koma? Wanda ya shekara goma a gari yana da aiki da gida da yara a makaranta. Sabon zuwa kuwa ya baro gida, bai kuma kafu a masauki ba. Gonar da ke Zariya da shagon da ke Kantin Kwari ba su da nauyi sosai a nan, domin ba can ya ce zai koma ba. Abin da zai nuna shi ne igiyar da ta ɗaure shi da Birtaniya.

A ɗauki ma'aikaciyar jinya 'yar Kano da ta yi wata biyu a Manchester, tana son zuwa sunan ɗan yayarta a Lyon. An ce ta kawo bayanan banki da takardun albashi na wata uku, ita kuwa albashi biyu kawai ta karɓa. Ɗakin da take kwana da sunan ƙawarta aka kama hayarsa. Ganin asusun ba kauri, sai 'yan uwa suka tara mata fam dubu biyu, aka zuba rana ɗaya ana saura mako ta kai takardu. Jami'in da ya saba karanta irin waɗannan shafuka yana ganin kuɗin zai san na aro ne. Da ta ƙara wata biyu, ta samu wasiƙar wurin aiki mai nuna ranar fara hutunta da ranar komawa, albashinta kaɗai ya isa ya yi mata magana.

Sauran sharuɗɗan a fili suke. Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, da shafi biyu babu komai, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fita. A sayi inshorar lafiya ta yuro 30,000. A haɗa da shaidar masauki da tikitin dawowa, ɗalibi kuma ya karɓo wasiƙa daga jami'arsa. Izinin zaman ma ana duba sauran kwanakinsa, kuma tun da katin izinin zama na BRP ya daina aiki a ƙarshen 2024, ta intanet ake fitar da lambar da ke tabbatar da shi. Ana iya neman bizar tun ana saura wata shida a yi tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai kwana 45.

Idan an hana, ana ba da takarda mai ɗauke da dalili, kuma akwai damar ɗaukaka ƙara. Ta Faransa a birnin Nantes ake kai ta cikin kwana 30. Sai dai hanin yana zama shekara biyar a rumbun bayanan da duk ƙasashen Schengen ke gani. Shi ya sa dillalan da ke sayar da takardar otal ta bogi suke cutar mutane ƙwarai: wanda aka kama da ita a ofishin Faransa, sunansa ya riga shi isa na Jamus.

Haƙuri a nan yana da riba a rubuce cikin doka. Wanda ya samu biza uku cikin shekara biyu, ya shiga ya fita a kan lokaci, ya cancanci ta shekara ɗaya mai shiga da fita sau da yawa, daga nan ta shekara biyu, sannan ta shekara biyar.