Wa Zai Faɗa wa Yaranmu?

Iyaye da yawa a Gaya da Ajingi suna tambaya, ko ya dace malamin makaranta ya koya wa yara zancen balaga da zaman mace da namiji? Waɗansu sun ce wannan buɗe wa yara ido ne. Waɗansu kuwa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Gardamar ba sabuwa ba ce. A shekara ta 1986 aka ba da labarin cutar ƙanjamau ta fari a Nijeriya. Da cutar ta yaɗu, sai Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta yarda a 1999 a sa wannan darasi cikin makarantu. Shugabannin addini da iyaye suka yi ƙorafi, aka rage waɗansu sassa, aka sāke masa suna a 2003, watau Ilimin Zaman Iyali da Cutar Ƙanjamau. Aka kuma bar kowace jiha ta daidaita shi da al'adarta. A Nuwamba 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ce a cire shi, gama aikin iyaye ne da malaman addini. A 2023 kuma gwamnatin Jihar Kano ta hana amfani da waɗansu littattafai shida a makarantu, ta ce suna ɓata tarbiyya.

To, an mayar mana da aikin gida. Amma muna yinsa? Dukanmu mun san kunyarmu. Uwa ba ta ko kiran sunan 'yar farinta, balle ta zauna da ita a kan zancen haila. Dā kaka da gwaggo su ne masu wannan aiki, gama yarinya tana sakewa da su. Yanzu yarinya 'yar shekara 12 tana makarantar kwana nesa da kakarta. Ran da ta fara ganin jini, wa za ta tambaya? Ƙawarta ce, ko kuwa wayar hannu. Wadda ba ta san yadda ake ɗaukar ciki ba, ita ce mayaudari yake samu da sauƙi. Ƙarshenta a kore ta daga makaranta, iyaye su sha baƙin ciki, saurayin kuwa ya wuce abinsa.

Ga shawararmu. Bari makaranta ta koyar da abin da ya shafi jiki: alamun balaga, tsabta, da hanyoyin da ƙanjamau take bi, watau jima'i, jini, da kuma daga uwa zuwa jariri. Malama ta koya wa 'yan mata, malami ya koya wa samari. Iyaye kuma su je taron iyaye da malamai, su roƙa a nuna musu littafin, su karanta da kansu kafin su yarda ko su ƙi.

Amma kamun kai da tsoron Allah, a gida ake koyonsu. Uwa, idan kunya ta hana ki, ki roƙi ƙanwarki ko wata dattijuwa cikin Zumuntar Mata ta zauna da 'yarki tun ba ta fara haila ba. Uba, kada ka ce zancen mata ne, gama ɗanka ma yana bukatar gargaɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lalle yaranmu za su ji wannan magana a wani wuri. Bari su fara jinta daga bakin masu ƙaunarsu.