Gadabeji: dajin da ba ya nuna kansa ga mai gaggawa

A arewa da Maraɗi, idan an wuce Dakoro, gonakin gero suna fara raguwa har jigayi da ƙaya su karɓe fili. Nan ne bakin Sahara, kuma nan gandun dajin Gadabeji yake. An keɓe shi tun 1955, lokacin Faransa na mulkin Nijar, faɗinsa kadada 76,000. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare namun daji ba tare da an kori mutanen da ke rayuwa a gefensu ba, wato Fulani da Buzaye makiyaya.

Abin da ya ɗaga sunansa shi ne raƙumin dawa. Irin na Afirka ta Yamma, mai hasken fata, ya kusa ƙarewa: a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya, dukansu a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsaya musu sai suka hayayyafa har suka haura 600. Amma tara su wuri ɗaya haɗari ne, annoba ɗaya ta isa ta share su. Shi ya sa a Nuwamba 2018 aka ɗauki takwas a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, inda fari da farauta suka kawar da kakanninsu kusan shekara hamsin kafin nan.

To, ku 'yan makaranta, ga inda maganar ta shafe ku. Za ku ce dabbar da namijinta ke kai mita biyar ai ba ta ɓuya. Tana ɓuya sarai. Idan ta tsaya cik a tsakanin farar ƙaya da aduwa, zanen jikinta yakan saje da inuwar rassa, mota ta wuce ba wanda ya gani. Ma'aikacin gandun daji da ke yi wa baƙi jagora ƙasa yake kallo: sawu sabo ne ko iska ta fara cike shi, kashin ɗanye ne ko busasshe, wane reshe aka tsinke wa ganye can sama inda akuya ba ta kaiwa. Yaron da ya duƙufa kan waya yana gyara hoton da ya ɗauka ɗazu, shi ne zai ɗago kai ya ce "ina, ina?" bayan barewa ta yi nisa.

Ba mu ce hoto laifi ne ba. Amma a ganinmu iyalin da suka sha wannan doguwar hanya su yi wa kansu adalci: a tara wayoyi a jakar Inna ko da na rabin awa ne, a kashe injin mota, kowa ya yi shiru. Da farko za ku ji kamar ba komai. Can sai kunne ya buɗe, ku ji iska na kaɗa busasshiyar ciyawa, ku ji kukan kurciya, ko ƙarar guga daga rijiyar makiyaya. Lokacin ne kuma za ku gane Baba ya san sunan kusan kowane icce da abin da yake magani, ba ku dai taɓa tambayarsa ba ne. (Ku sa takalmi rufaffe. Ƙarangiya ba ta san baƙo ba.)

Mun san halin da ake ciki. Jangebe ba ta manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantarsu, kuma har yau iyaye a Talata Mafara da Bakura da Maradun sai sun yi lissafi kafin su bar yaro ya yi nisa da gari. Can Nijar ma an kashe mutum takwas a Kure a Agusta 2020. Saboda haka tafiya Gadabeji shawarar manya ce, bayan sun tambayi hukuma lafiyar hanya, da takardun ƙetare iyaka a hannu.

Kafin ranar ta zo, ana iya koyon kallon a gida. Ku sami littafi ku rubuta ranar da kuka fara ganin shamuwa a bana, da ranar da ruwan farko ya sauka, ku ƙirga tazarar. Waɗanda ke kusa da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama a 1978, su lura da tsuntsayen da ke sauka bakin ruwa lokacin hunturu, su ɓace da bazara. Wasunsu daga Turai suke, sun ƙetare Sahara. Sannan ku zaɓi gawo guda a hanyar makaranta ku riƙa duba shi kowace Juma'a. Yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke kore shar, ya yi sabo da rani. Ku rubuta mana makon da naku ya fara toho, za mu buga a wannan shafi.