Me ya sa muke sake duba katin maganinka?

Idan kai ko wani naka yana shan maganin taɓin hankali, wata rana za ka ga malaman asibiti sun tara katuna suna karantawa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsorata. Aikinmu muke bincikawa, mu ga ko mun rubuta magani daidai.

Dubi wuri kamar Um Rakuba a jihar Gadarif, sansanin da aka sake buɗewa a Nuwamba 2020 don masu gudun yaƙin Tigray. Mutum kan iso da ƙwayoyi ƙulle a leda, babu takarda. Likitan da ya gan shi yau, wataƙila wani ne zai gan shi wata mai zuwa. Wannan ya rubuta haloperidol, wancan ya ƙara chlorpromazine, ba wanda ya cire na farko. A ƙauye ma hakan na faruwa. Sai jikin mutum ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, 'yan'uwa su ce ciwon ne ya ƙaru, alhali magani ne ya yi yawa.

Shi ya sa muke gwada katunan da littafin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010. Ana so a ba da irin wannan magani guda ɗaya, a fara da kaɗan. Diazepam na 'yan kwanaki ne. Wanda ya yi watanni yana sha, jikinsa ya saba, sai an rage masa sannu a hankali. Valproate kuwa yana iya cutar da jaririn da ke ciki, don haka muna duba katin kowace mace da ke shekarun haihuwa sosai. Inda muka ga kuskure, mu gyara. Bayan wasu watanni mu sake ƙirgawa, mu ga ko gyaran ya zauna.

Amma kati ba ya magana. Ranar zuwa asibiti, kawo duk abin da kake sha, har na kemis da na gargajiya. Faɗa mana idan barci ya yi maka yawa, ko wuyanka yana murɗewa. Ke kuma 'yar'uwa, idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa. Kada ka daina magani da kanka don ka ji sauƙi, ciwon na iya dawowa. Idan ƙwayoyin sun kusa ƙarewa, zo tun da sauran na kwana uku.