Yadda Bakin Mai Ci Ke Zaɓen Irin Rogo

A Kwaciri da wasu unguwannin Fagge a Kano, rogon da ake nema shi ne wanda yake nuna da wuri a tukunya, ya yi gari-gari ba ɗaci, domin a ci shi da ƙuli-ƙuli da yaji. A Sabon Gari kuwa, inda ake yawan cin teba da fufu, abin dubawa shi ne kumburin garin kwaki, da danƙonsa, da launinsa. Wannan bambanci ya zama ma'auni ga masu ƙirƙiro sabon iri, wato masanan da ke haɗa auren tsirrai biyu domin samun mai halayen da ake so.

Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967 kuma take da reshe a Kano, da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike, sun daɗe suna fifita yawan amfani da juriyar cuta, sai dai manomi yakan watsar da irin da matan da ke sarrafa shi suka ƙi, ko da ya cika gona. Shi ya sa yanzu ake kai iri gonakin manoma, mata su kankare, su tatse, su soya, sannan su jera shi bisa fifiko.

A 2020 an saki sababbin iri biyar, cikinsu har da Poundable, wanda aka zaɓa saboda yana dahuwa ya daku, kuma gubar sayanaid, mai sa rogo ɗaci da illa, kaɗan ce a cikinsa. Irin wannan ne ya dace da mai dafaffen rogo a Kano, kuma ya kamata masu bincike su ƙara sauraron buƙatarsa.