Jiki Magayi: Yadda Ɓoyayyen Laifi Ke Cin Taurarin Adabi

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma da wannan karin magana ne John Tafida da Rupert East suka raɗa wa ƙagaggen labarinsu suna a shekarun 1930. Akan yi ta ne don gargaɗin mai taurin kai, amma tana da wata fuska da ta dace da abin da manyan marubuta suka gano game da mai laifi. Baki yana iya musu, hankali yana iya ƙago hujja, jiki kuwa ba ya riƙe sirri.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a littafin Dostoevsky na Rasha, wanda ya fito a 1866, wanda za a iya fassara sunansa da "Laifi da Hukunci". Tauraronsa, Raskolnikov, ɗalibin shari'a ne da talauci ya raba da karatu. Ya ƙudura a ransa cewa akwai wasu zaɓaɓɓun mutane, irin su Napoleon, waɗanda ke da damar tsallake doka idan manufarsu babba ce. Don ya gwada ko yana cikinsu, sai ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai karɓar jingina tana ba da bashi da ruwa. Ƙanwarta Lizaveta, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta shigo ana cikin haka, ita ma ya sare ta.

Babu wanda ya gan shi. Amma washegari, da aka kira shi ofishin 'yan sanda kan bashin kuɗin haya kawai, yana jin an ambaci kisan sai ya faɗi sumamme. Kayan da ya kwaso ya tura su ƙarƙashin wani dutse, ko kuɗin da ke cikin jakar bai ƙirga ba. Masassara ta kwantar da shi kwanaki yana sambatu. Da ya tashi, ƙafarsa ta mayar da shi gidan tsohuwar, ya ja ƙararrawar ƙofa, ya tambayi masu gyaran ɗakin inda jinin ya tafi. Mai bincike Porfiry ba shi da wata ƙwaƙƙwarar shaida, har ma wani mai fenti ya fito ya ce shi ya yi kisan. Ƙofar tsira a buɗe take, Raskolnikov ya kasa bi ta cikinta.

Ɗalibai sukan rubuta a jarrabawa cewa nadama ce ta kai shi ga miƙa kansa. A ganina wannan gajeren karatu ne. Ko bayan an yanke masa shekara 8 a Saibiriya, marubucin ya nuna cewa da farko bai yarda ya yi laifi ba. Abin da ke ƙona masa rai shi ne ya gaza jurewa. Wato jikinsa ya amsa laifin tun kafin hankalinsa ya amince, kuma tsakanin waɗannan biyun ne mutumin ya tsage. Mahaifiyarsa, wadda aka ɓoye wa gaskiya, ta zauce ta rasu.

Shakespeare ya riga shi da fiye da shekara 250. A wasan Macbeth, uwargida ce ta zuga mijinta ya kashe Sarki Duncan da ya sauka a gidansu, kuma ita ce ta ɗauki wanke jinin ƙaramin aiki. Sai ga ta a ƙarshen wasan tana yawo cikin barci, ba ta yarda a raba ta da fitila, tana ta murza hannun da babu komai a kansa. Likitan da aka kira ya ga cewa ciwon ya fi ƙarfin maganinsa. Mijin kuwa wata hanya laifin ya bi da shi: barci ya ƙaurace masa, sai ya nemi kwanciyar hankali ta ƙarin jini, ya sa aka kashe amininsa Banquo, sannan matar Macduff da 'ya'yansa.

A nan ya kamata mu rarrabe kunya da nadama, kalmomi biyu da muke yawan cakuɗawa. Kunya tsoron idon mutane ce, nadama kuwa hukuncin da zuciya ke yanke wa mai ita ko da babu mai kallo. Yawancin miyagun da ke finafinanmu kunya ce ke kama su: sai asiri ya tonu a gaban jama'a suke durƙusawa suna kuka, a yafe musu, a rufe labari. Ba kasafai ake nuna mana darensu ba.

Chinua Achebe ya nuna abin da ke faruwa idan biyun suka yi karo. A Things Fall Apart, na 1958, yaron nan Ikemefuna ya shekara 3 a gidan Okonkwo yana kiransa baba. Da aka yanke za a kashe shi, dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu. Ya sa, don gudun kada a ce masa rago. Kwana 2 bai ci abinci ba, sai bammi yake sha, barci ya gagare shi. Da ya farfaɗo sai ya zargi kansa da halin mata, ya danne abin, bai sake barin ya fito ba. Ɗansa Nwoye, wanda ya ɗauki Ikemefuna a matsayin wa, shi ne ya kasa dannewa. Tun daren da mahaifinsa ya dawo ya gane abin da ya faru, kuma bayan shekaru, da 'yan mishan suka iso Mbanta, ya bi su bai waiwayo gidan ubansa ba.